Lasin talabijin kyauta a Birtaniya: da can shekaru ake tambaya, yanzu sai tsoho ya kawo shaidar rashi

A Birtaniya kallon talabijin ba wai ka sayi akwatinka ka jona wuta shikenan ba ne, sai ka biya lasin duk shekara, kuma doka ce ba ganin dama ba. A watan Afrilun 2025 kuɗin ya kai fam 174.50 a shekara ga kowane gida. Duk wanda zai kalli wani shiri a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, ko wace tasha ce, ta BBC ko ta 'yan kasuwa ko ma ta wata ƙasa da ake kamowa ta dish, to sai da lasin, haka wanda zai yi rikodin ɗin shirin, haka mai kallon BBC iPlayer, wato dandalin kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, tun Satumban 2016, kuma ba ruwansu da ko a talabijin kake kallo ko a waya ko a kwamfuta. Dattijon da ba abin da yake kunnawa sai tashar da ke nuna Harami kai tsaye shi ma doka ta hau kansa. Wanda aka kama yana kallo babu lasin ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000 banda kuɗin kotu.

Kuɗin nan BBC ake tara wa, kuma mu ma da muke nesa muna da alaƙa da shi ko mun sani ko ba mu sani ba, domin tun Afrilun 2014 aka sauke wa ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya nauyin sashen BBC na ƙasashen duniya aka mayar da shi kan kuɗin lasin, duk da dai daga baya gwamnati ta dawo tana ƙara wani tallafi. Wato Sashen Hausa da ya fara watsa shiri a 1957, wanda iyayenmu suka tashi da shi a kunne, wani kaso na abin da ke riƙe da shi daga aljihun masu biyan lasin nan yake fitowa, har da tsofaffin da zan yi magana a kansu.

Tsawon shekara ashirin duk wanda ya kai 75 a Birtaniya ba ya biyan ko kwabo. Gordon Brown ne ya kawo tsarin yana ministan kuɗi a gwamnatin Tony Blair, ya fara aiki a Nuwamban 2000, kuma gwamnati ce ke biyan BBC kuɗin daga baitulmali. Abin da ake nema wajen tsoho a lokacin bai taka kara ya karya ba, sunansa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta inshorar ƙasa, a duba a ga ya kai 75, a aiko masa da takardarsa. Attajiri ne ko talaka babu mai tambaya. Kuma wannan rashin tambayar shi ne darajar abin, saboda ba wanda zai ji kunyar cewa ya kai shekara 75, shekaru ba abin ɓoyewa ba ne, abin alfahari ne ma.

To ina aka samu matsala? Tun 2010 gwamnatin David Cameron ta so ta rataya wa BBC wannan jakar tsabar, shugabannin gidan suka tirje har da barazanar ajiye aiki, sai aka sasanta a kan a daskarar da kuɗin lasin a fam 145.50 na wasu shekaru, BBC kuma ta ɗauki nauyin sashen ƙasashen duniya da na ambata. A watan Yulin 2015 ministan kuɗi George Osborne ya sake dawowa da maganar, wannan karon cikin 'yan kwanaki aka gama komai a bayan fage ba a ji ta bakin jama'a ba. BBC ƙarƙashin shugabanta na lokacin Tony Hall ta yarda za ta karɓi nauyin lasin tsofaffi sannu a hankali daga 2018 har ta ɗauke shi gaba ɗaya a 2020, ita kuma aka yi mata alkawarin kuɗin lasin zai riƙa tashi daidai da hauhawar farashi, kuma za a toshe ƙofar da masu kallon iPlayer ke bi ba tare da biya ba. Sai dokar 2017 ta zo ta ƙara wani abu da a ganina shi ne tushen ɓarnar, ta ce daga 2020 BBC ce da kanta za ta yanke wa za a ba kyauta wa za a hana. Gidan rediyo da talabijin fa, masu haɗa labarai da wasan kwaikwayo, aka ce su zauna su tsara wa ya cancanci tallafi a cikin tsofaffin ƙasa, aikin da kowa ya san na gwamnati ne da majalisa, waɗanda in suka yi ba daidai ba ana iya kayar da su a akwatin zaɓe. Abin da ya fi ciwo kuma a wannan shekarar ta 2017 jam'iyyar Conservative mai mulki ta rubuta a takardar alkawuranta na zaɓe cewa za ta bar wa tsofaffi lasin kyauta har ƙarshen wa'adin majalisar, alhali ta riga ta miƙa wuƙar ga wani.

BBC ta nemi jin ra'ayin jama'a daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, mutum sama da dubu 190 suka amsa, a watan Yunin 2019 ta fitar da hukunci: daga yanzu sai wanda ya kai 75 kuma yake karɓar wani tallafin gwamnati na tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Pension Credit, ko abokin zamansa da suke gida ɗaya yake karɓa. Hujjarta ita ce in ta ci gaba da ba kowa, abin zai ci mata fam miliyan 745 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafinta, kuɗin da ta ce ya kai abin da take kashewa a kan BBC Two da BBC Four da tashar labarai da tashar Scotland da Radio 5 Live da wasu gidajen rediyon yankuna in an haɗa su. Sabon tsarin kuma ta ƙiyasta zai tsaya mata a wajen fam miliyan 250. Lissafin ya nuna mutum kimanin miliyan 3.7 za su koma biya, gidaje kusan miliyan 1.5 kuma za su iya samun kyauta, amma a cikinsu wajen dubu 900 ne kawai ke karɓar Pension Credit ɗin a lokacin. Ka riƙe wannan giɓin na dubu ɗari shida, don duk maganar a kansa take.

An yi ta hayaniya. Ƙungiyar Age UK ta tara sa hannun mutum sama da dubu 600 ta kai fadar firaminista, ƙungiyoyin 'yan fansho suka yi zanga-zanga a ƙofar ofisoshin BBC, Boris Johnson da ya hau mulki ya ce BBC ta fito da kuɗin ta biya, BBC ta ce ai gwamnati ce ta janye hannunta. Kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. An so a fara ranar 1 ga Yunin 2020, korona ta sa aka ɗaga zuwa 1 ga Agusta, daga nan aka fara aika wasiƙu gidaje sama da miliyan 4.

Ka tsaya ka ƙiyasta yadda abin yake ga mai shekara 85 a wancan lokaci. Tun watan Maris an ce masu shekara 70 zuwa sama su lizimci gida, 'ya'ya da jikoki ba sa shigowa, coci da masallaci da wuraren haɗuwar tsofaffi sun yi watanni a rufe, ga wasu talabijin ne kaɗai muryar ɗan Adam da suke ji daga safe har dare. Sai ga ambulan ta gidan waya, ko dai ka zaɓi hanyar da za ka riƙa biyan fam 157.50, ko ka aiko da shaidar kana karɓar Pension Credit, wato kwafin wasiƙar ma'aikatar ayyuka da fansho mai ɗauke da sunanka da adireshinka, kuma kada ta zama tsohuwa wadda ta haura shekara. BBC ta ce ba sai kowa ya fita daga gida ba, ta buɗe layukan waya, ta fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan, wannan gaskiya ne kuma ya kamata a faɗa. Amma wanda ya taɓa zama da tsoho mai ciwon mantuwa ko mai raunin gani ya san tambayar ina kika ajiye wasiƙar da aka aiko miki bara ba ƙaramar tambaya ba ce, ballantana a ce a yi fotokwafi, ko a ɗauki hoto a tura ta intanet ga mutumin da bai taɓa buɗe imel ba. Ga kuma 'yan damfara da suka samu kasuwa, suna tura saƙonni da sunan TV Licensing, wato ofishin da ke karɓar kuɗin lasin, wai lasinka ya ƙare ko wai za a mayar maka da kuɗi ka turo lambar akawun, har ta kai tsohon da aka yi ta gargaɗi kada ya yarda da kowace takarda yanzu an ce masa wannan ɗin ta gaske ce ya amsa. BBC ta yi ta ɗaga ƙafa har zuwa ƙarshen Yulin 2021, lokacin akwai kimanin mutum dubu 260 da ba su biya ba kuma ba su nemi na kyautan ba. Wasu da gangan suka ƙi don nuna fushi, wasu kam wallahi ba su ma fahimci me ake ciki ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai a wannan zangon shi ne bayanin da ake wahalar da tsoho ya kawo yana nan zaune a kwamfutar gwamnati. Ma'aikatar da ke biyansa Pension Credit ta san yana karɓa, ta san ranar haihuwarsa, ta san adireshinsa. Dokar da ke akwai tun 2000 ta ba da damar a duba shekarun mutum a wajen ma'aikatar, amma ba ta haɗa da duba ko yana karɓar tallafi ba, don lokacin da aka rubuta ta ba a bukatar hakan. Sai a 2022 gwamnati ta gyara, aka ba BBC ikon ta tambayi ma'aikatar kai tsaye, yanzu yawanci mutum ya ba da sunansa da ranar haihuwa da lambar inshora su duba da kansu, sai in bayanan ba su yi daidai ba ne ake neman takarda. Gyara ne mai kyau, amma shekara biyu aka yi ana sa masu tamanin da casa'in neman fotokwafi kafin a yi shi, kuma har yau lasin ba ya zuwa da kansa ranar da mutum ya cika 75, sai ya nema. Mai 74 da ke karɓar tallafin yana iya nema tun da wuri, ya ci gaba da biya har zuwa ƙarshen watan da ke gabanin watan haihuwarsa.

Akwai wani ɗan tarko kuma da ke kama iyalai da yawa, lasin sai ya kasance da sunan wanda ya kai 75 ɗin. In Baba yana zaune gidan 'yarsa kuma lasin da sunanta yake, za ta yi ta biya ne har sai an mayar da shi sunansa, in an mayar kuwa ya rufe duk wanda ke zaune a gidan, yara da manya. In kuma mai sunan ya rasu ya bar matarsa, sai ta sake bin layi da nata sunan da tata shaidar.

Amma duk wannan ƙaramar ƙofa ce. Babbar ƙofar ita ce Pension Credit ɗin kansa, don shaidar da ake nema a wajen TV Licensing ba ta samuwa sai ka riga ka ci wata jarrabawar a wani ofishin. Tallafin an kawo shi a 2003 don cike wa tsoho mai ƙaramin ƙarfi, a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 yana ɗaga abin da mutum ɗaya ke samu ya kai fam 227.10 a sati, ma'aurata kuma fam 346.60, akwai ƙari ga mai nakasa mai tsanani da mai jinyar wani. Gidan da kake ciki ba a lissafa shi, ajiyar da ba ta wuce fam 10,000 ba ita ma ba a kallonta, abin da ya haura haka kowace fam 500 ana ɗaukarta kamar kana samun fam 1 a sati. Kafin a ba ka sai ka zayyana komai, fanshon gwamnati, fanshon wurin aiki, kuɗin banki, hannun jari, wa ke kwana a gidanka, nawa kake biyan haya. Fom ɗin takarda a 2024 tambaya 243 ne a cikinsa, duk da ba kowace ce ta shafi kowa ba, kuma ana iya nema ta waya ko ta intanet. Mu da muka san yadda tantance 'yan fansho yake a gida, dattijo ya yi shekara talatin da biyar yana aiki sannan a ce ya zo da fayil ya tabbatar shi ne shi, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da irin wannan ke yi wa zuciyar tsoho ba, ko da a can ba a tsayuwa cikin rana.

Shi ya sa tun da aka kafa tallafin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanta ba sa karɓa. A 2024 adadin da gwamnati da kanta ta bayar ya kai gidaje dubu 880. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wani yana ganin tunda gidan nasa ne ba haya ba to bai cancanta ba, wata tana da 'yar ajiyar da ta tanada don jana'izarta tana tsoron a ce ta yi yawa, wani ya taɓa nema shekara goma baya aka hana shi bai san yanayinsa ya canza ba. Sai kuma babban dalilin da ba a rubutawa a fom, wato mutunci. Waɗanda suka haura tamanin a Birtaniya yau mutane ne da aka haifa lokacin yaƙin duniya na biyu ko kafinsa, sun tashi a gidajen da ake ba da labarin yadda jami'an tallafi ke shiga gidan talaka a shekarun 1930 suna ƙirga kujeru da tukwane kafin a ba shi abin sawa a baki, sun taso da cewa neman taimakon hukuma zubar da girma ne. Irin wannan mutum gara ya kashe hita ya ƙudundune cikin bargo ya biya cikakken kuɗin lasin da ya kira wani yaro a waya ya karanta masa abin da ke akawun ɗinsa. Kaga kenan tsarin da aka ce an yi shi don kare mafi talauci, wanda ya fi kowa rufin asiri a cikin talakawan shi yake bari a waje.

Sannan ga matsalar bakin layi. Wanda abin da yake samu ya gaza ƙa'ida da fam ɗaya, in ya nema aka ba shi ko da 'yan sulalla ne a sati, ya samu lasin kyauta, kuma in ɓangaren tallafin da ke cike masa kuɗin sati ya kai ƙa'ida ne ya samu, ga taimakon haya da ragin harajin ƙaramar hukuma da kuɗin haƙori da tabarau. Wanda kuma ya haura da fam ɗaya saboda ɗan fanshon da ya tara a masana'anta bai samu komai ba, a ƙarshen shekara ma sai ka ga na farkon ya fi shi sauƙin rayuwa. Wannan abin zai ƙara tsanani nan gaba, ga dalili. Duk wanda ya kai 75 kafin Afrilun 2026 yana kan tsohon tsarin fanshon gwamnati ne, wanda cikakkensa na tushe fam 176.45 ne a sati a 2025, ƙasa sosai da layin 227.10. Amma mazan da aka haifa daga 6 ga Afrilun 1951 da matan da aka haifa daga 6 ga Afrilun 1953 suna kan sabon tsari, wanda cikakkensa fam 230.25 ne a wannan shekarar, ya ɗara layin da fam uku da 'yan kai kawai. Su kuma ɓangaren tallafin da ake ba masu 'yar ajiya an rufe musu shi tun 2016. Wato mutumin da ba shi da komai a duniya sai cikakken sabon fanshon gwamnati, in ba shi da nakasa ko jinya da za ta ɗaga masa layin, zai kai 75 a ce masa ya fi ƙarfin kyauta. Haka ma'auratan da ɗaya bai kai shekarun fansho ba, tun Mayun 2019 ba a karɓar sabuwar buƙatarsu ta Pension Credit sai dukansu sun kai, dattijo mai 76 da matarsa ke da 60 ƙofa a rufe take gare su.

Ga 'yan uwanmu da ke da iyaye a Landan ko Manchester ko Birmingham akwai wasu ƙarin abubuwa da suka fi shafarsu. Pension Credit yana cikin abin da dokar shige da fice ke kira kuɗin jama'a, don haka wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin jama'a ba zai nema ba, wanda kuma ɗansa ya kawo shi bisa alkawarin zai ɗauki nauyinsa akwai shekara biyar da ba zai karɓa ba, komai tsufansa. Gida ko fili da mutum ya mallaka a Kano ko Kumasi ana lissafa shi cikin dukiya, ɓoye shi kuma laifi ne da ke iya jawo a ce a dawo da duk abin da aka karɓa. Sai maganar tafiya, wadda ita ce ta fi kama mutanenmu: tun 2016 in ka bar ƙasar fiye da sati huɗu tallafin yana tsayawa, sai in rasuwa ce ta kusa ko jinya da ake ƙara wa'adi. Hajiya da ta saba tafiya gida ta yi azumi da sallah, ko ta gudu daga sanyin hunturu ta yi wata uku, tana dawowa sai ta sake nema daga farko, kuma in tallafin ya tsaya ginshiƙin da lasin kyauta ke tsaye a kai ya tafi. Ga kuma bambancin rubutun suna, Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar fansho, Mamman a lasin, ko ranar haihuwar da aka ƙiyasta a takardar rantsuwar kotu ta saɓa da wadda ke wani fayil ɗin, kwamfuta ba ta san uzuri ba, da ta ga bambanci sai ta mayar da kai layin kawo takarda.

Ban ce BBC ba ta da hujja ba. Tsofaffin Birtaniya ba duka ne matalauta ba, da yawa suna zaune cikin gidajen da suka gama biya tuntuni masu darajar dubban ɗaruruwan fam, alhali matashiyar da ke renon yara biyu ita kaɗai a gidan haya tana biyan cikakken lasin. Tambayar me ya sa ita za ta biya attajiri mai 80 ya kalla kyauta tambaya ce ta gaskiya. Kuma masu kai 75 ƙaruwa suke duk shekara, masu biyan lasin kuma raguwa suke saboda matasa sun koma Netflix da YouTube. In aka ce BBC ta ɗauki fam miliyan 745 to tashoshin da tsofaffin suka fi kowa kallo da saurare su za a fara rufewa. Inda na rabu da su shi ne zaɓar Pension Credit a matsayin ma'auni alhali su da kansu sun san dubban ɗaruruwan waɗanda suka cancanta ba sa karɓarsa, suka ce wai hakan zai zaburar da mutane su nema. An ɗan samu ƙarin masu nema na ɗan lokaci, amma giɓin bai rufe ba. Laifin da ya fi girma kuwa na 'yan siyasar da suka cire hannunsu daga alkawarin da su suka yi ne, suka bar wani ya sha zagin.

Kada kuma a manta rashin lasin laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, ba bashi ne kawai ba. A Ingila da Wales yawancin shari'un majistare ɗaya ne ke yanke su a kan takarda ba tare da wanda ake tuhuma ya bayyana ba, kuma shekara da shekaru kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake hukuntawa mata ne, har BBC ta yi bincike na musamman a kan hakan ta fitar a 2023. Ba a ɗaure mutum don rashin lasin shi kaɗai, sai in ya ƙi biyan tarar da kotu ta yanke. A 2020 gwamnati ta nemi ra'ayi kan a cire abin daga jerin laifuka, farkon 2021 ta ce ta fasa tukuna. Ga tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba a rayuwarta, wasiƙar da ke ambaton bincike da ziyarar jami'ai da tarar fam 1,000 ta isa ta sa ta biya kuɗin da watakila doka ma ta yafe mata. Akwai rangwamen da mutane ba su cika sani ba ma, makaho da aka yi wa rajista rabin kuɗi yake biya ko nawa ne shekarunsa, mazauna gidajen kula da tsofaffi da suka cika sharaɗi kuma fam 7.50 ne kacal a shekara.

An sake gwada wannan ma'aunin a wani wurin aka ga yadda ya ƙare. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ce kuɗin ɗumama gida na hunturu, wanda da ake ba kowane ɗan fansho, shi ma sai mai Pension Credit. Buƙatu suka yi wa ma'aikatar yawa, mutane suka yi ta jira, aka hana da yawa daga cikin waɗanda suka nema, fushin jama'a ya kai inda a Yunin 2025 gwamnati ta ja da baya ta mayar da kuɗin ga duk wanda abin da yake samu bai wuce fam 35,000 a shekara ba, kuma ba tare da cike wani fom ba, a biya kowa sannan hukumar haraji ta karɓe daga wanda ya haura. Wato da abin ya zo kan gwamnati kai tsaye cikin shekara ɗaya ta samo hanyar da ba sai tsoho ya tona asirinsa ba. Na lasin kuwa tunda BBC ce ke riƙe da shi har yau yana nan yadda yake tun 2020. Maƙwabciyarsu Ireland duk wanda ya kai 70 yana samun lasin kyauta cikin tallafin gida ba tare da an binciki aljihunsa ba, Faransa ma ta soke nata lasin gaba ɗaya a 2022.

Yarjejeniyar sarauta da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare ranar 31 ga Disamban 2027, kuma a tattaunawar sabunta ta ne za a yanke ko lasin zai ci gaba a yadda yake ko a canza shi. Abin da nake so in ga an saka a ciki bai wuce biyu ba, a mayar da hukuncin wa ya cancanci kyauta hannun majalisa da baitulmali inda ya fito, sannan duk wanda ma'aikatar fansho ta san ya kai 75 kuma yana karɓar tallafi a aika masa da lasinsa ba sai ya roƙa ba. Kafin nan, wanda ke da tsoho a can ya zauna da shi ya duba ko ya cancanci Pension Credit ko da an taɓa hana shi a baya, ƙungiyoyin agaji na Age UK da Citizens Advice suna taya cikewa kyauta, ana iya biyan mutum kuɗin wata uku baya in ya cancanta tun lokacin, kuma in an tabbatar da shi sai a kira TV Licensing a mayar da lasin sunansa a kuma nemi a dawo da abin da aka biya bayan ya riga ya cancanta.